Sakinatu da Zanen Inna

Ƙanwata Sakinatu ba ta iya gaisawa da mutum ba tare da ta taɓa kayan jikinsa ba. Kina miƙa mata hannu za ta kama bakin mayafinki tana murzawa tsakanin yatsu, idonta a sama, sannan ta ce, "Auduga ce, amma an haɗa ta da roba." Sai bayan nan ta tambayi lafiyar yara. Na sha jin kunya a gidan biki saboda wannan hali nata. Abin takaicin shi ne matan da take murza wa mayafi ba sa jin haushi, har layi suke yi a taɓa nasu. Ni kaɗai ce mai jin haushin.

Mu biyu ne mata a wurin Inna, a can Gwarzo, kuma ni Fatimah ni ce babba. Ni na yi karatu, ni na zo London da takardata ta aikin jinya, ni na fara samun gida a Stratford. Sakinatu kuwa miji ta biyo, Almu, mutum mai sanyin hali da ke tuƙa bas. Aikinta na farko guga ne a wani shagon wanki a Deptford. A makonta na farko ta ɗora dutsen guga mai zafi a kan siket ɗin wata mata, siket ya narke ya manne kamar leda. Ta zo gidana tana kuka, na rarrashe ta, har na ji daɗin zama babba a ranar. Ban san cewa siket ɗin nan ne zai mayar da ita abin da ta zama ba. Tun daga ranar ta ƙudurta ba za ta sake taɓa yadi ba sai ta san da me aka yi shi.

Da ta tara ɗan abin hannu ta kama wani lungu a Peckham, cikin wata kasuwar rumfa da ke bayan Rye Lane, tsakanin mai kitso da mai sayar da busasshen kifi. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, shadda da atamfa da leshi a jere har rufi. A jakarta kullum akwai laita, ita da ba ta taɓa shan taba ba. In ta yi shakkar yadi sai ta zaro zare ɗaya daga bakinsa ta kunna masa wuta a kan wani tsohon faranti. Auduga takan ci da sauri, ta yi ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Siliki da ulu ƙaurin gashi suke yi. Zaren roba kuwa baya yake ja daga wuta, ya narke ya dunƙule ya yi tauri. Mai kitso ta sha yi mata ƙorafi cewa wata rana sai ta ƙone musu kasuwa.

Allah bai ba Sakinatu haihuwa ba. Ni ya ba Zarah, 'ya ɗaya tilo. Ina aikin asibiti ranar Asabar, sai in kai yarinyar shagon ƙanwata in wuce. Da hannuna na kai ta, wannan ba na musu. Ta girma a ƙarƙashin teburin yanka tana tsince ƙyallaye. Na so ta karanci haɗa magunguna, ta ce ita zanen tufafi za ta karanta, kuma ta samu gurbi a wata kwaleji a nan London. Ba sai na faɗi wanda ya sa mata wannan a rai ba. Ni tana kirana "Mum", ta amsa mini komai da Turanci. Sakinatu kuwa "Mama Saki" ce, kuma ita ake yi wa Hausa, ko da gurguwa ce. Ina kishin wannan, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

A shekararta ta farko aka koya musu zaruruwa: waɗanda ake samu daga tsiro da dabba, da waɗanda ake haɗawa a masana'anta. Shi ke nan aka samu abin hira. In na biya ta shagon bayan aiki sai in tarar da kawunansu a haɗe a kan faranti, hayaƙi na tashi. Zarah na gaya mata cewa zaren roba daga man fetur ake fitar da shi, wani kuma mai suna viscose daga ɓargon itace, shi ya sa yake ƙyalli kamar siliki amma ya ƙone kamar auduga. Sakinatu na jin wannan kamar ana ba ta labarin Makka. Akwai ranar da ta rantse wani yadi siliki ne, suka kunna, ya narke. Maimakon ta ji kunya sai ta yi ta dariya tana cewa Turawa sun iya ƙarya. Ni ina kan kujerar masu jiran awo, jakata a cinya, ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci.

Amma kishina da Sakinatu ya girmi Zarah. Kafin Inna ta rasu ta ware zannuwanta biyu na saƙi, ta ce wannan na wance, wannan na wance. Na Sakinatu baƙi ne mai ratsin ja da ruwan zinari, in rana ta haska shi har ido yake ɗauka. Nawa kuwa fari-fari ne mai faffaɗan ratsi ruwan ƙasa, ba ƙyalli, ga kaushi. Duk dangi sun san Inna na da zanen tsamiya, wato silikin da ake samu daga gidan wasu tsutsotsi da ke kan itacen tsamiya, wanda a da sai masu hali ke ɗaurawa. Da na ga rabon, ban tambayi kowa ba. Siliki ai ƙyalli yake yi. Na ce a raina Inna ta faɗi wadda ta fi so ba tare da ta buɗe baki ba. Na dawo London na cusa nawa a ƙasan wani akwati, na danne shi da tsofaffin ankon biki, na ɗora a kan kabad. Sakinatu kuwa ba sunan da za a yi a Peckham ko Deptford da ba za ta ɗaura nata ba, kuma duk ranar da na gan shi a jikinta sai abinci ya ƙi mini daɗi.

Bana Zarah ta shiga shekarar ƙarshe. Kowane ɗalibi zai ɗinka abu ɗaya da za a nuna wa jama'a, kuma ita ta ce riga za ta yi da tsamiya ta gaske, don malamanta sun karanta labarinta a littafi amma ba su taɓa riƙe ta ba. Wata Asabar da la'asar ina shagon, Sakinatu ta dawo daga suna da zanen nan a jikinta, Zarah ta dube ta ta ce, "Mama Saki, zanen Inna, the tsamiya one. Za ki ba ni? I'll have to cut it."

Ko kallona ba ta yi ba.

Na ce, "Ki ba ta mana. Ai ke aka ba na kirkin."

Sakinatu ta tsaya tana dubana. Sannan ta sunkuya ta zaro zare ɗaya daga ratsin zinarin, ta ɗora a faranti, ta kunna. Wuta ta bi shi fuu, ƙaurin takarda ya tashi, ya bar 'yar toka.

Zarah ta shinshina ta ce, "That's viscose."

Sakinatu ta ce, "Silikin kanti ne. Yaya, naki ne tsamiya. Inna ta ce da ni, ke mai son ƙyalƙyali ce, ɗauki wannan ki yi ta yawo da shi. Na tsamiyar kuwa na yayarki ne, ita ce mai adana abu."

Na ce, "Kuma kika yi shiru duk shekarun nan?"

"Na gaya miki ranar da aka raba. Kika ce in daina yi miki ba'a, kika fita."

Na tuna da wata magana mai kama da haka. Amma ita ma ai da murmushi ta faɗa, kuma wa zai yarda da mai murmushi tana riƙe da zane mai ƙyalli?

Ban tsaya jayayya ba, don wani daɗi ne ya cika ni wanda na daɗe ban ji irinsa ba. Ashe ni Inna ta zaɓa. Kuma abin da 'yata ke nema duk London, a kan kabad ɗina yake. Sakinatu ta rufe shago muka kama jirgin ƙasa mu uku. A hanya Zarah ta saƙala hannunta a nawa ta ce, "Mum, yaya kalarsa yake?" Da Hausa, ni. Na yi ta ba ta labari da ƙarfi yadda Sakinatu za ta ji, har na ƙara da abin da ban sani ba.

Muka isa Stratford, Zarah ta hau kujera ta sauko da akwatin. Na hana kowa taɓawa, na zuge shi da kaina. Na ɗaga ankon farko, na biyu, duk suna nan garau kamar jiya aka ɗinka su. Da na kai ƙasa sai wasu ƙananan ƙwari masu fukafukai suka tashi. Na ɗago zanen Inna, wani gari ya zubo mini a cinya.

Asu ya cinye shi. Ba duka ba, ya zaɓa ne. Farin zaren audugar yana nan, amma faffaɗan ratsin nan ruwan ƙasa duk ya zama huji, wani wurin sai 'yan zaruruwa a tsaye kamar raga. Na ɗaga shi sama ina hango fuskar Sakinatu ta cikinsa.

Zarah ta tsinci wani guntun zare ruwan ƙasa da ya rage, ta karɓi laita ta kunna. Ƙaurin gashi ya cika ɗakin. A hankali ta ce, "Mum, asu ba ya cin roba. Silk and wool, su yake so. It was real."

Na buɗe baki zan ɗora wa sanyin London laifi, da council, hukumar unguwarmu, da suka ƙi gyara mana bangon da ke tsatsafo, sai na ga Sakinatu ta durƙusa ta janye zanen daga hannuna ta rungume. Kuka take yi, irin wanda ban ga ta yi ba tun ranar siket.

Ta ce, "Yaya, kin san shekara nawa ina kishin zanen nan? Duk sunan da na je da nawa, na san na kanti na ɗaura. Ina cewa naki na can a naɗe da kafur, kina fito da shi yana shan iska. Ke aka ba zanen, ke aka ba 'ya. Da ni aka ba, wallahi ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Ban taɓa sanin akwai abin da nake da shi da Sakinatu ke so ba. Ya kamata in ji tausayinta, kuma na ji. Amma da na ga Zarah ta durƙusa ta dafa kafaɗarta, ita ba ni ba, tsohon kishin nan ya sake motsawa. Zanena ne asu ya ci, amma ita ake rarrashi.

Da Sakinatu ta share hawaye, ta shiga ɗakina ta ɗauki wani zanen atamfa ta ɗaura, ta fito da nata na Inna a hannu. Ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta ɗora nawa a kai, ta daidaita bakin. Ja da ruwan zinari suka leƙo ta cikin hujojin. Zarah ta kalle su, sannan ta ɗauko wayarta ta fara ɗaukar hoto. Sakinatu ta ce, "A sa shi a firiza tukuna, ƙwan asu ya mutu. Sannan a bi kowane huji da allura, in ba haka ba zai ci gaba da warwarewa." Su biyu suka yi wannan aiki a shagon Peckham har bazara ta shigo. Ni ban iya riƙe allura ba sai ta asibiti.

Ranar nunin, Almu ya ɗauki hutu ya sa babbar riga muka tafi. Rigar Zarah na tsaye a jikin gunkin nuni, mutane sun kewaye ta. Wata malama ta tambayi Zarah yadda ta yi ta fitar da hujojin nan, ko da magani ta ƙone zaren. Zarah ta nuna ni tana murmushi ta ce aikin mahaifiyarta ne, kuma ya ɗauke ta shekaru. Aka juyo ana yi mini jinjina. Sakinatu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. A mota na gaya mata ban ga abin dariya ba.

Kafin mu fito, da jama'a suka ragu, na matsa kusa da rigar. An rubuta kada a taɓa, amma zanen uwata ne. Na sa yatsa ina bin ratsin nan ruwan ƙasa, ina neman inda tsamiyar ta rage, in murza ta ko sau ɗaya yadda ƙanwata ke yi. Duk inda na taɓa sai yatsana ya zarce ta huji ya sauka a kan zanen Sakinatu.