Takabar Tsahara Ta Biyu

Tsahara mai kitso ce a Tsarnawa. Shekara ashirin ta yi tana kitsa kawunan amare, daga nan har ƙauyukan Illela. Mijinta Badaru direban kamyon ɗauko siminti daga Malbaza ne, ya rasu a hatsarin hanya shekara uku kafin ciwonta. Allah bai ba su haihuwa ba. Ta yi takabarta, ta share hawaye, ta koma bakin sana'a.

Abin ya fara da ciwon kai wanda ba ya jin magani. Sai hannun hagu ya riƙa sakin gashi ana tsakiyar kitso. Ran da ta faɗi a gidan biki tana karkarwa, wasu suka ce iskoki ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Yayarta Kande ce ta ƙi yarda. Ta kai ta asibiti a Konni, daga can aka tura su Yamai, hoton kai ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa. Aka yi aiki aka cire. Lokotoro, wato likita, ya ce aikin ya yi kyau, saura na gida: kada a bar ta ita kaɗai, ko na ɗan lokaci.

Kande ba ta yi karatun lakwal ba, amma ta iya tara mutane. Tun suna Yamai ta riƙa aika murya ta waya ga dangi da ƙawaye, ba roƙo take ba, rabon aiki take. Maƙwabta su ɗauki girki, matan da Tsahara ta yi wa kitson aure su riƙa zama da ita bi da bi, mazan dangi su yi gayya a gonar gero. Nafi'u, ƙanen marigayi, ɗan kabu-kabu a Konni, shi ke kawo magani. Wanda ya kawo uzuri, Kande ta taka har ƙofar gidansa.

Aka dawo da Tsahara kai a aske, da ɗinki daga goshi zuwa bayan kunne. Ta gane kowa, ta kira kowa da sunansa. Washegari da hantsi, Kande na ba ta kunu, sai ta dubi ƙofa.

"Yaya, maigidan bai dawo daga Malbaza ba?"

Kande ta ajiye ludayi. Ta gaya mata gaskiya a hankali. Tsahara ta ɗora hannu a ka, ta yi kukan da ta yi shekara uku da suka wuce, bai ragu da komai ba. Da gari ya waye ta manta, ta sake tambaya.

Sau uku aka gaya mata, sau uku ta yi sabon makoki. A na huɗu Kande ta tara masu jinya a zaure.

"Ba mu kashe mata miji kullum," in ji ta. "In ta tambaya, ku ce yana hanya. Zunubin a kaina."

Haka aka yi. Mace ta shigo da langar tuwo, Tsahara ta ce a ɗebe wa maigida nasa, a ɗebe, a rufe, a ajiye a gefe.  Wata cikin masu jinya ta rantse ta fara jin kamar da gaske akwai wanda ake jira a gidan.

Nafi'u ya fi kowa shan wuya, domin muryarsa da ta yayansa ɗaya ce. Duk ran da ya yi sallama a zaure, Tsahara ta gyara ɗankwali, fuskarta ta washe.

"Ga shi nan! Mi ya hana shi shigowa?"

Daga nan ya daina sallama. Ya kashe babur tun daga bakin kwalta, ya turo shi da hannu, ya miƙa maganin ga duk wadda ke jinya, ya juya bai ce uffan ba.

Wata biyar ana haka. Gashi ya tsiro, ƙafa ta yi ƙarfi. Ranar da aka kawo dammunan geron gayya, bayan la'asar, Tsahara na zaune tana kallon maza suna jera su a rumbu. Ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya," ta ce, "ya rasu ko?"

"Ya rasu, Tsahara."

"Na yi mishi takaba?"

"Kin yi. Wata huɗu da kwana goma, ni na zauna da ke."

"Ban tuna ko kwana ɗaya ba."

Wannan karon ba ta yi kuka ba, kuma da safe ba ta manta ba. Ta cire ƴan kunne, ta nemi tsohon zane ta ɗaura. Liman ya aiko cewa babu takaba a kanta, wadda ta yi ta isar. Ta ce ta ji, ta gode, amma ita ba ta san ta yi ba.

Ta zauna ɗaka. Matan da ke shirin komawa harkokinsu suka dubi Kande, Kande ta sake raba musu kwanaki, suka zauna da ita har ta cika kwanakin takaba.