Sawun Motar Lorna Haugen

A shekarar 1983 na fara sanin Eusebio Archuleta, ranar Litinin ta biyu a watan Maris. Ba na manta kwanan wata, domin a makarantar mishan sai ka rubuta shi a saman takarda kafin a yarda ka rubuta komai. An ɗauke ni aikin ba da kayan gyara a wani gareji da ke bakin babbar hanya a Gallup. Shi kuwa na tarar da shi a cikin ramin saitin taya, kansa kaɗai ake gani. Ya dubi rigata mai guga, ya ce, "Jama'a, an kawo mana fada daga coci." Tun daga ranar "ɗan mishan" yake ce mini, mu kuma Chebo muke kiransa.

Gajere ne, mai kaurin damtse. Aikinsa manyan motocin nan masu ɗaki da kicin a ciki, waɗanda tsofaffi ke gangarowa da su kudu kowace Oktoba don guje wa sanyi. In aka ce mota tana ja gefe, yakan fara da iskar tayoyi, ya musanya na gaba hagu da dama, sannan ya ɗora ta a kan na'urar saitin taya. Daga nan ya tuƙa ta mil shida, ya dawo ya faɗi abin da ke damunta. Ba kasafai ake musa masa ba.

A Oktobar 1996 wata tsohuwa mai suna Lorna Haugen ta shigo da tata daga Dakota ta Arewa. Idanun mijinta Arvid sun dushe, don haka ita ke tuƙi. Sun sayar da gonarsu, motar ce gidansu. Ɗansu Curtis ya riga ya gaya musu cewa in ta kasa tuƙi, zai sayar da motar ya kai su gidan kula da tsofaffi.

Ta ce motar tana janta dama, har kafaɗarta ta fara ciwo. Chebo ya auna tayoyin gaba, ya same su daidai. Ya tuƙa, ya dawo yana goge hannu.

"Inna, motarki lafiya lau. Titi ne, ai da gangare ake yin sa don ruwa ya zurare."

"Kai, ɗan nan, ina tuƙa motar alkama tun kana zanen goyo. Ni za ka koya wa titi?"

"To, ko hannun ne ya gaji?"

"Da wannan damtsen naka kamar na bijimi, ko rijiya take janka ai ba za ka ji ba."

Arvid ya yi dariya daga kujerarsa, ya ce, "Bi ta a hankali, malam, shekara arba'in da takwas ban taɓa cin ta a gardama ba."

Da yamma Curtis ya bugo waya, ni na ɗauka na miƙa wa Chebo. Na ji ya ce, "Babu abin da ya sami motar." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma shi Curtis ke jira. Curtis ya ce ranar Laraba zai same su a garin Holbrook ya karɓi makulli.

Suka kwana a harabarmu, suka tashi da safiyar Asabar bayan an yi yayyafi. Wajen ƙarfe tara na ga Chebo tsugune a cikin taɓo da tef ɗin awo a hannu. Sawun tayoyin baya bai hau kan na gaba daidai ba, ya kauce da kusan inci biyu tun daga inda ta tayar har bakin ƙofa.

Na ce, "Me ka yar, Chebo?"

"Koma kan takardunka, ɗan mishan."

Na koma kan takarduna. Ranar Litinin ya zo aiki kamar kullum, sai dai yatsansa a naɗe da bandeji.

Sauran labarin sai a watan Afrilu na ji shi, da motar ta sake tsayawa a wurinmu a hanyarta ta komawa arewa, Lorna ce a kan sitiyari. Chebo yana cin abincin rana a waje, ita ce ta gaya mini. Ranar Lahadi, washegarin tafiyarsu a Oktoban nan, ya tuƙa motarsa mil casa'in da biyar zuwa Holbrook, ya bi zangon matafiya har uku kafin ya same su. Ya ɗaura zare daga gaba zuwa baya a kowane gefe, ya auna. Ƙusar tsakiya ta sifirin ɗin baya ce ta karye, sandar da ke riƙe tayoyin baya ta goce, ita ke tura motar dama. Na'urarmu ta wancan lokaci gaba kaɗai take dubawa. Ya ɗaga motar da jak biyu a kan tsakuwa, ya sa sabuwar ƙusa, ya mai da sandar wurinta. Da ya gama ya ƙi taɓa sitiyari, ya zauna a gefe ya ce ita ta tuƙa. Ta yi mil goma da yatsu biyu kacal a kan sitiyarin.

Daga nan ya nemi lambar Curtis, ya tafi wayar da ke ofishin zangon. Lorna ta ce tana tsaye a bayansa, ta ji duk abin da ya faɗa.

"Ni ne makanikin Gallup. Abin da na gaya maka ran Juma'a kuskure ne. Motar ce ke da laifi, mahaifiyarka ta fi ni gane ta. Ba sai ka zo ba."

Ta ba shi kofi, ya sha rabi a tsaye, ya tattara zarensa ya kama hanya.