Ranar da Kaka Ta Ga Kanta a Talabijin ɗin Amurka

Jiya da la'asar ina shanya a baranda sai na jiyo dariya daga gidan maƙwabtanmu 'yan Filifin. Ba tasu ba ce. Irin dariyar nan ce ta taron jama'a da ake sakawa a wasannin barkwanci na Amurka, wadda take tashi gaba ɗaya, ta kuma mutu gaba ɗaya. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, gabana yana faɗuwa. Za ka ce mene ne abin faɗuwar gaba a dariya? Bari ka ji.

A unguwar Karama ta Dubai na tashi, a wani gidan bene, sama da shagon wani tela Ba'indiye. Baba mutumin Kano ne, yana da ɗan ofis a Khabaisi inda yake haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Mu biyu ya haifa, ni da Yaya, ta kuma ba ni shekaru da yawa. Kaka, mahaifiyar Baba, ganin likitan ƙafa ta zo, sai zama ya kama ta. Kullum tana kan darduma kusa da taga, sandarta a gefe, tana mitar wannan gari da ba shi da damina, daga zafin waje sai sanyin esi.

Yaya tun tana ƙarama take kwaikwayon mutane. Ta yi tela yana girgiza kai, ta yi mai gadi, ta yi Hajiyoyin da suke sauka a gidanmu in sun zo sarin gwal. Umma takan yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Ki rufa mana asiri, kar babanku ya ji." Da ta gama sakandare Baba ya tura ta Amurka karatun haɗa magunguna. Abokansa sun yi ta magana, wai 'ya mace ita kaɗai a wannan nisan duniya. Baba ya ce ya san abin da ya haifa.

Wata Juma'a ce a tsakiyar zafi, lokacin da iska take lafta wa mutum gumi tun daga bakin ƙofa. A wancan zamanin Juma'a ce ranar hutu. Umma ta gama shinkafa da miyar taushe, ƙamshi ya cika falo. Baba ya dawo daga masallaci tare da wani Alhaji, babban ɗan kasuwa wanda kayansa ne suke riƙe da ofishin Baba. Kullum tun daga matakala muke jiyo hirarsu. Ran nan takunsu kawai muka ji.

Alhaji bai taɓa ruwan da na kawo ba. Ya zaro faifai daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Ɗana da yake Amurka ne ya aiko," in ji shi. "Na ce gara ka gani a gidanka, kafin ka ji a bakin mutane a kasuwar Deira."

Baba yana jin Turancin kasuwa, amma ba irin na Amurkawa mai gudu ba. Ya dube ni. "Ke, zo ki saka. Duk abin da aka faɗa ki mayar mana da Hausa. Kar ki rage komai."

Ban wuce aji ɗaya a sakandare ba a lokacin. Na saka faifan, na zauna a ƙasa.

Aka nuno filin jirgi. Wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ta rungume jaka a ƙirji, wani ma'aikaci yana so ya buɗe. An yi mata furfura, an zana mata tamoji a fuska, amma tun kafin ta buɗe baki Umma ta dafe ƙirji. Yaya ce. Tafiyar kuwa ta Kaka ce, da yadda take turo ɗankwali gaba in ranta ya ɓaci. Labarin ma nata ne, don ranar da ta sauka Dubai haka ta yi rigima a kan ƙullin daddawarta.

Na fara fassara. "Ya ce mene ne a jakar. Ta ce magani. Ya ce na wace cuta. Ta ce na cutar abincinku." Dariyar nan ta tashi ta cika falonmu, mu kuwa ba wanda ya motsa. Can sai tsohuwar ta kama kunnenta ta ce da Hausa tsantsa, "Kai, tafi can, na yi jika da kai!" Wannan ba sai na fassara ba.

Faifan ya ƙare. Ba abin da ake ji sai ƙugin esi.

"Mayar da shi baya," in ji Kaka.

Na mayar. Ta matso har gaban talabijin ta kalla, ba ta ko ƙifta ido ba. Sannan ta juyo gare ni. "Waɗannan masu dariyar, ni suke yi wa ko ita?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyata kenan.

Alhaji ya gyara zama ya ce da 'yarsa ce, gobe-goben nan za ta hau jirgi. Baba ya ɗauki waya ya buga, ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Can asuba ce, Yaya ta ɗauka cikin magagin barci.

"Makarantar fa?" Ko sallama bai yi ba.

Ta ce, "Na bari, Baba. Tun bara."

"Ki tattara ki dawo."

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

Ban taɓa jin an faɗa wa Baba haka ba. Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi. Umma ta fara salati a hankali. Ya ce, "To ki saurara. In har ni na haife ki..."

Kaka ta buga sanda a ƙasa. "Kul! Kar ka ƙarasa. Ba za ka yi wa jikata baki ina zaune ba. Ba ni wayar."

Ya tsaya kamar ba zai bayar ba. Alhaji yana kallonsa, mahaifiyarsa ta miƙo hannu. Ya bayar.

"Ke ja'ira," in ji Kaka, "da ni kike neman abinci a wajen Turawa?"

Yaya tana kuka. "Kaka, wallahi ba don in wulaƙanta ki na yi ba. Da aka ce in yi wadda na fi sani, ke kika zo mini."

"Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ki riƙe sallarki." Ta miƙo mini wayar in kashe.

Baba ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya shige ɗaki. Alhaji ya ɗauki faifansa ya fita. Ba a ci shinkafar nan ba.

Abin bai tsaya nan ba. Labari ya zaga Deira, Alhaji ya kwashe kayansa ya koma wani ofis, wasu suka bi shi. Aka daina ambaton Yaya a gaban Baba. Ni ma da na gama sakandare na kawo maganar karatu a waje, kallo ɗaya ya yi mini. A Sharja, nan kusa da Dubai, na yi, ina zuwa ina dawowa a bas. Na daɗe ina jin haushinta.

Ita ma ba daɗi ta sha ba. Shirin bai yi nisa ba aka dakatar da shi. Ta yi shekaru tana aikin kai abinci teburi, tana zuwa gwajin wasa ana cewa ta dawo wani lokaci. Da Kaka ta rasu, takardun Yaya ba su ba ta damar fita ba, a waya ta yi kukanta. Sai daga baya ta samu shirin da ya fito da ita, ta zama 'yar ƙasa, har ta fara rubuta nata.

Yanzu duniya ta sauya. 'Ya'yan mutanen da suka guje mu su ne suke tura wa juna guntayen wasanta a waya, suna alfahari da cewa 'yar Karama ce. Baba ya tsufa ya koma Kano. Suna gaisawa da ita, lafiya da sanyi da zafi, amma bai taɓa tambayar aikinta ba.

Bara ya zo nan ganin likitan ido, ita ma ta zo. Ni na tuƙa shi zuwa filin jirgi don mu tarbe ta. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Muna shirin tafiya sai wata ma'aikaciya ta gane ta, ta rugo tana roƙon hoto. Matar ta dubi Baba ta tambaya da Turanci ko shi ne mahaifinta. Na buɗe baki zan fassara, ya ɗaga mini hannu.

"Eh," in ji shi. "'Yata ce."

Ya karɓi wayar matar, ya ɗauke su da kansa. Hoton bai fito sosai ba.