Furen Kan Retno

Shekara arba'in, duk amaryar da aka yi a ƙauyensu na gefen Pekalongan, Mbah Tuminah, wato Kaka Tuminah, ce ke jera mata farin furen melati a zare, wanda ake rataya wa amarya daga gashi ya sauko har ƙirji. Da asuba take tsinko shi, tun bai buɗe baki ba. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata, domin melati ba ya son matsa: ka danne shi yau, gobe ya yi tabo ruwan ƙasa. Su kuwa matan ƙauyen, amarya ta fito da fure mai tabo, to sun samu abin faɗa, wai yarinya ba ta tsare kanta ba.

Da auren jikarta Retno ya zo, a tsakar gida za a yi komai. 'Yarta Sumiyati ta ce, "Inna, mu sayo na kasuwa mana. Ko shayi kika ɗauka, rabi a zaninki yake ƙarewa."

"Na kasuwa? A kan jikata? Rufe min baki."

Ana gobe biki ta zauna da faranti da allura. Hannu ya ƙi tsayawa. Sai ta matse furen sosai sannan allura ke shiga. Tana matsawa tana sane da abin da take yi, amma girman kai ya hana ta kira kowa. Ta ce wataƙila Allah ya rufa asiri. Ta naɗe shi a ganyen ayaba, fari tas.

Da safe aka buɗe. Kowane fure da shaidar yatsunta. Na lambu ya ƙare, ba lokacin zuwa kasuwa, ga dangin ango har sun iso bakin hanya.

Retno ta duba, ta ce, "Sa min haka, Mbah."

Tsohuwa ta kasa ko ɗaura shi, sai Sumiyati ce ta ɗaura.

Mbah Tuminah ta ja kujera ta zauna a ƙofar gida. Duk matar da ta shigo sai ta miƙa mata hannuwanta biyu suna rawa, ta ce, "Kin gani? Ni na ɓata furen. Ni ce, ba yarinyar ba."

"Haba Mbah, wa zai ce wani abu?"

Haka suke cewa, su wuce ciki. Tana hango su suna sunkuyar da kai wurin kunnen juna.