Duwatsun Kakan Babana

Shekarun baya, wata malamar jami'a ta zo unguwarmu ta Nima tana neman gidanmu. Tana rubuta tarihin wata ƙungiyar Turawa masu nazarin duwatsu, wadda ta yi zamani a ƙarshen ƙarni na sha tara, lokacin da ake rububin zinariya a ƙasar nan. Ƙungiyar ta mutu tuni, gara ta cinye yawancin takardunta. A ɗan abin da ya rage an ambaci wani Bahaushe da ke shiga daji yana tattaro musu duwatsu, amma ba a rubuta sunansa ba.

Mu kuwa tun muna yara muke jin cewa kakan babana ne ya yi wannan aikin. Ya ma bar wani akwatin ƙarfe cike da duwatsu, kowanne a naɗe cikin takarda, ya rubuta da ajami inda ya samo shi. Malamar ta ce in ta ga rubutun hannunsa, sunansa zai shiga littafin. Nan take na fara hura hanci, har na sanar da abokaina a unguwar Madina.

Akwatin yana ɗakin gwaggona. Muka jawo shi, muka buɗe. Duwatsu na nan tsirara, ko ƙyallen takarda babu.

Na ce, "Gwaggo, ina takardun?"

Ta ce, "Ɗana, rubutun Allah ne fa. Ya kwana ƙarƙashin gado, ɓera na hawa kai? Shekarar da ruwan kwata ya shigo mana, na kwashe duka na ƙona, na binne tokan wuri mai tsabta."

Duk gidan ba mai karanta ajami. Ta ga baƙaƙen Larabci, ta ɗauka ayoyi ne, alhali sunayen rafuka da ƙauyuka ne.

Malamar ta juya dutse ɗaya a hannunta, ta mayar. Ta ce ba ta ƙaryata mu ba, amma dutsen da ba a san inda aka ɗauko shi ba bai zama shaida ba. Littafin ya fito babu sunan kakan babana.

Har yau abin na ci mini rai, ga shi ban da wanda zan yi wa faɗa. Gwaggona ta rasu tana ganin lada ta samu. Turawan da suka ƙi rubuta sunansa, ina iya zaginsu, amma hannun da ya ƙarasa shafe shi namu ne, kuma da alwala ya yi.