Kawu Arzika da Ƙugiyar Lokotoro

Wa zai manta Kawu Arzika a Matankari? Ko biki, ko zaman makoki, ƙugiyarsa mai haƙora shida tana kafaɗa, ɗan madubi a aljihu. In guga ya tsinke ya faɗa rijiya, sai ya tara madubin ya jefa hasken rana can ƙasa, ya zura igiya, ya lallaɓa har ya kamo. Shi ya sa ya raina duk mai gaggawa. Maganarsa ɗaya ce, har mun haddace: "Ba a hwasa rijiya don guga."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni na sha wahalarsa ranar da ciwo ya zo. Wata da watanni yana ganin jini in ya zaga, bai gaya wa kowa ba, sai da wando ya fara zame masa. Daga Dogon Dutsi aka tura mu Yamai. Aka duba, aka ce wani tsiro ne a babban hanji, ya kai ƙwan zabo, in an bar shi zai iya rikiɗa ya zama ciwon daji. Mai fiɗa ya ce a buɗe ciki. Kawu ya miƙe ya ɗau ƙugiya.

"Cikin ga, yadda Allah Ya ba ni shi, haka ni ka mai da Mishi. Tashi mu tahi."

Wallahi na tsorata, na kuma ji haushi. Na ce, "Kawu, mutuwa fa ake magana!" Ya ce, "To, ita ma ai ba ta tsaga mutum."

Allah Ya haɗa mu da wata lokotoro, wato likita, yarinya ce a idonsa. Ta nuna masa wata doguwar tiyo mai fitila da ido a baki, ta ce ta hanyar bayan gida za ta zura. Za ta ɗura ruwa a ƙarƙashin tsiron: in ya taso, sai ta zarga masa waya ta yanke kaɗan-kaɗan, in ya ƙi tasowa, ya yi saiwa ke nan, dole sai wuƙa. Kawu ya zauna, ya jujjuya tiyon, idonsa na ƙyalli.

"Igiya, da madubi, da ƙugiya! Ɗiyata, wa ak koya miki sana'ata?"

Nan take ya yarda, har da alkawarin in ya ƙi tasowa a yanka.

Sai maganin wanke ciki, wajen lita huɗu, mai ɗan gishiri-gishiri. Gardawa ma kuka suke da shi. Kawu ya shanye tas, ya ɗauraye gorar ya ƙara sha, wai ba a ɓarnar abin da aka saya. Da zawo ya buɗe, yana sintiri yana yaba su: "Mutanen ga sun san aiki! Ba a neman guga cikin ruwa mai laka."

Ranar aikin ya ƙi a sa shi barci sam. Aka rage masa zafi kawai, ya kwanta ta gefe yana kallon allon da ke nuna cikin hanjinsa. Ni ina waje, ƙugiyar a hannuna. Sai na jiyo muryarsa ta ƙofa: "Sannu-sannu! Kak ki hwizga! Hagu kaɗan!" Can aka yi tsit. Na san ruwan ake ɗurawa. Sai ihu: "Ya taso! Wallahi ya taso! Zarga mishi, ɗiyata!"

Gutsure-gutsure ta fitar da shi, ta matse wurin da 'yan ƙananan ƙarafa don kada ya yi jini. Ta fito tana dariya tana share gumi, ta ce ba ta taɓa aiki da maras lafiya yana ba ta umarni ba.

Rigima ba ta ƙare ba. Kawu ya ce a ba shi abinsa, don a ƙa'ida abin da aka tsamo na mai shi ne. Da ƙyar ya bari aka kai awo. Sakamako ya fito lafiya, bai rikiɗa ba. Bayan wata shida da aka ce a koma dubawa, shi ya riga ni shiga mota, wai rijiya sai da yasa. Goro ya kai wa lokotoro da madubinsa na aljihu, ya ce ta ajiye ko fitilarta za ta mutu wata rana.

Ya ƙara damina biyar, bara zazzaɓi ya ɗauke shi. Ina cikin masu yi masa wanka. Da na ɗora hannu a cikinsa, sumul, babu ko ƙwarzane, sai dariya ta zo mini tare da hawaye. Ya mayar da shi yadda aka ba shi.

Ya Allah, shekara nawa yana jefa haske cikin ramuka masu duhu don mutane su sha ruwa. Ka haskaka nasa, Ka yi masa rahama. Amin.