Malam Mordecai, Mai Sifilin da Ba Ya Barin Gurbi

Shekara talatin da huɗu, kowace safiya Malam Mordecai kan baro unguwar Muchia a kan kekensa, ya isa filin auna yanayi a Samaru, ya tsiyaye ruwan saman da ya taru a ma'auni, ya rubuta a littafi. Ranar da ba a yi ruwa ba sai ya sa sifili. Bai taɓa barin gurbi ba. Ko ranar auren 'yarsa da rigar coci ya je, mutumin nan fa!

Saura wata biyu ya yi ritaya, Dakta Onyinyechi, 'yar Sabon Gari da ke cikin masu duba daftarin rahoton masanan duniya kan sauyin yanayi, ta nuna masa wata taswira daga cikin daftarin. Ko'ina launi, yankinmu kuwa fari fat.

"Wannan fa?" ya tambaya.

"Baba, wai babu isassun bayanai daga nan."

Sai da ya nemi kujera ya zauna. Babu bayanai? Littattafansa talatin da huɗu suna jibge a sito, gara ta soma cin na ƙasa.

Ta yi masa bayani cewa masanan rukuni uku ne: masu duba yanayin kansa, masu duba ɓarnarsa, da masu neman hanyar rage ta. Ba sa auna komai da kansu. Abin da aka buga a mujallun ilimi kafin ranar da suka yanke kaɗai suke tattarawa. Nasa kuwa ba wanda ya taɓa bugawa. Wallahi abin da ban tsoro, a ce damina talatin da huɗu ta wuce kamar ba wanda ya gan ta.

Bai yi fushi ba. "'Yata, kawo kwamfutarki," ya ce. Wata bakwai yana karanto mata lambobi, har bayan ritayarsa, ba ko sisi. Aka buga aikin saura mako uku a rufe karɓa.

Malam Mordecai, kai ne idon Samaru. Kai ka tsaya a kan sifili lokacin da ba mai dubawa. Mun gode, Allah ya saka.

Ku kuma masu tsofaffin littattafai a sito, don Allah ku je ku buɗe su yau. Uku daga cikin nasa gara ta riga ta cinye su, kuma daminar shekarun nan uku ba za ta sake sauka a auna ta ba.